Ga-ruwan da Ya Ƙi Shan Ruwansa

Kafin in san ƙofar gidan kaso, ni ga-ruwa ne a Gazawa. Ina da amalanke da wani jaki mai taurin kai. In cika jarkoki a famfo, in bi gida-gida ina juye wa mata a randa, ina ba su dariya. Ku matasa ku ji da kyau: ba yunwa ce ta kai ni ga ɓarna ba, ƙyuya ce.

Layin famfo dogo ne, ni kuma ba ni da haƙuri. Wata damina tabkin bayan gari ya cika, inda shanu suke sha suna kashi a ciki. Na tuna mahaifiyata takan daka ƴaƴan zogale ta zuba a ruwa mai laka, lakar ta kwanta. Na gwada a jarka ɗaya, ruwan ya yi garau kamar na famfo. Daga jarka ɗaya na koma cika amalanken duka a tabki. Na san laka ce kawai ta kwanta, cutar tana nan, shi ya sa ban taɓa kai ruwan bakina ba.

Sai gudawa ta shiga gidajen da nake kai wa ruwa. Wadda ta fi jin jiki ita ce Hadiza, jikar Inna Tabawa, tsohuwar da ke kirana ɗanta. Yarinyar ta rame har idanunta suka faɗa. Rannan da rana tsaka na juye ruwa a randar Inna, gumi na tsiyaya daga jikina. Ta ɗebo da moɗa ta miƙo mini, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya shigo gida da ƙishirwa.

"Na ƙoshi, Inna."

"Da leɓenka a bushe haka? Sha, ɗana."

"Azumi nake."

"Da goro a bakinka?"

Ta dubi moɗar, ta dube ni, ta ce, "Ina ka ɗebo ruwan ga?" Kunya ta rufe ni, na faɗi gaskiya. Magana ta kai ga mai unguwa, daga nan ga jandarma, alƙali ya tura ni kaso.

A can ba ɗaurin ne ya fi damuna ba, rashin sanin ko Hadiza tana raye ne. Wani ma'aikacin lafiya yakan zo ya koya mana tafasa ruwa, da wanke randa a rufe ta, da hana moɗa taɓa ƙasa. Duk abin da ya faɗa sai ya soke ni. Ranar da ƙanena ya zo ziyara ya ce yarinyar ta warke har ta shiga lakol tana karatu, na yi ta tsalle har abokan zamana suka ɗauka an sallame ni ne.

Da na fito, na tuba, amma ba mai kiran amalankena. Na wanke jarkokina da sabulu, na bi layin famfo tun daga ƙarshe, na nufi gidan Inna. Na roƙi gafara, na nemi moɗa, na tsiyaya daga jarkata na shanye a gabanta, na ƙara.

"Yau ba azumi?" in ji ta.

Matan gidan suka fashe da dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba.

Yanzu kowace ƙofa na isa, ni nake fara sha, har lokacin da zan koma gida cikina ya yi tulu. Ku matasa, kada hasken ruwa ya ruɗe ku, ku tambayi inda aka ɗebo shi. Abin da ba za ku iya kaiwa bakinku ba, kada ku sayar wa kowa. Ba fitowata daga kaso nake ɗauka ranar da aka sake ni ba. An sake ni ne lokacin da Inna ta karɓi moɗar nan daga hannuna, ta cika ta daga jarkata, ta kira Hadiza ta ba ta ta sha.