Shirun Mutumin Maraɗi

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, shi ma da turi, amma a Guangzhou, can ƙasar Sin, ni ne tafinta, ni ne alƙali, ni ne Baba. Wanda ya yi furfura a unguwar Dengfeng ba a tambayarsa takardar shaida. Turancina kuwa na cinikin takalmi ne, kuma da shi na yi wa wata mata 'yar Brazil mai ɗaukar hoto aiki.

A titin Zhanxi Lu na fara ganinta, a shagon lawban ɗin da nake sari a wurinsa, wato maigida da yarensu. Tana durƙushe da kyamara gaban wani takalmi mai tsini kamar mai neman gafararsa, fitilu sun kewaye shi. Na ce mata a garinmu ko ango ba ya samun wannan gata. Ta yi dariya, hira ta ɓarke. Ta ce ta daɗe tana ɗaukar hotunan dogayen 'yan mata masu tallan tufafi don mujallun ƙasarta. Da ta nuna mini su a waya, na ga abinci suke bukata, ba hoto ba. Wannan aikin, in ji ta, shi ke ciyar da ita, amma abin da ke ranta shi ne ta nuna wa masu ado mutanen da ke ɗaure kayan adon, su ɗauka a ka. Wai siyasa ce. Na ce mu a wurinmu siyasa da shinkafa da atamfa take zuwa. Ta ce tata ko gishiri babu.

Na kai ta sito ɗin da mutanenmu ke ɗaure kwalaye kafin a wuce da su tashar jiragen ruwa ta Huangpu. A cikinsu akwai wani magidanci mutumin Maraɗi, wanda nake tsokana da “patron”, wato maigida da Faransancinsu. Kowa ya san jarinsa ya karye tuntuni, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba. Ran Juma'a yakan sa shaddarsa, ya tsaya a ƙofar shagon wayoyin wani, a ɗauke shi hoto, ya aika gida. Dukanmu mun taɓa yi. Ni kaina akwai wata baƙar mota da iyalina a Kano suka daɗe suna tambayar lafiyarta. A Maraɗi dai shi babban ɗan kasuwa ne, kuma a lokacin ɗansa na neman aure a gidan wasu masu hali.

Matar ta dage sai an nemi izinin kowa ɗaya bayan ɗaya. Na yi mata bayani irin na masana cewa mu ba haka muke yi ba: in babba ya yi magana, an gama. Duk da haka ta tsaya gabansa ta tambaye shi, na fassara. Ya sunkuyar da kai.

“Ai Baba na nan,” ya ce.

Na ce mata ya yarda. Hankalina yana kan babbar rigar da na sha guga domin ranar, da gefen fuskata da ya fi kyau. Ni ɗin ma ba ta ɗauke ni ba.

Shi ta ɗauka: daga shi sai singileti, kwali a ka, salatif a haƙora, gumi na bin wuya. Ta rataye hoton a wani zauren nuni a ƙasarta, ya fi ƙofa tsawo, ta kuma sa a intanet. Daga waya zuwa waya ya isa Maraɗi, har gidan yarinyar. Suka aiko cewa a ɗan dakata da maganar. Duk Bahaushe ya san tsawon wannan “ɗan”.

Na kira ta da muryar alƙali, na tanadi faɗa. Ta saurare ni har na gaji, ta ce za ta sauke hoton a ranar, ko da yake bai da na biyu a duk aikinta. Sannan ta ce, “Na tambaye shi. Kai ka amsa.”

Na ce mata a wurinmu shiru ma amsa ce. Ta tambaye ni wace amsar. Nan Turancina ya ƙare.

Na sani sarai. Mutum ba zai ce a'a ba bayan dattijo ya kawo baƙuwa har wurin aikinsa. Da ya ce Baba na nan, asirinsa ya miƙo mini in rufa.

Da na gaya masa an sauke hoton, bai daina jan salatif ba. “Baba, ka ce mata hoton ya yi kyau,” ya ce. “A can.”

Na nemi lambar uban yarinyar, na kira shi, furfura da furfura. Na ce masa wanda ya gwammace ya ɗauki kwali a ƙasar wasu da ya koma gida ya zauna yana roƙo, ai irin gidan da ake ba 'ya ke nan. Ya yi godiya, ya tambayi lafiyar iyali, ya ce za su yi shawara. Har yau shawarar suke yi.

Na daina ce masa patron. Shi kuwa kullum muka haɗu a ƙofar masallaci shi ke riga ni gaisuwa, har da rusunawa, ya karɓi jakata ya raka ni bakin titi. Da zai zage ni sau ɗaya, da na samu sauƙi.