Dangin Bi Mboja na Cikin Yashi

A Jambiani, ƙauyenmu na bakin teku a Zanzibar, babu wanda bai ɗanɗana bakin Bi Mboja ba. Noman ciyawar teku take yi, igiyarsu ta ɗaurin ciyawar ɗaya ce da aminiyarta Bi Riziki tun suna 'yan mata, amma ainihin sana'arta laƙaba wa mutane suna. Mijinta mai gyaran agogo ya rasu ya bar mata gilashin ƙara girman abu da yake maƙalawa a ido. Da ya san abin da za ta yi da shi, da ya ce a binne su tare.

Wata rana ƙayar bushiyar teku ta soke ta. Ta sa gilashin za ta cire, sai ta ga yashin da ya manne a ƙafarta ashe ba yashi ba ne. Wani a naɗe kamar rawani, wani faifai, wani tulu, wani kuwa duk ƙaya. Malam Pandu na makaranta ya ce ɓawon wasu halittu ne masu ƙwayar rai ɗaya tak, suna zaune a gindin teku da jikin murjani, iri-iri har ba sa ƙirguwa. Ita dai mutanen gari ta gani. Mai rawanin, in ji ta, ladan ne, tulun kuwa Haji Vuai mai shago ne. Ni ta ba ni wani siriri mai wuya, har yau ban yafe ba.

Muka riƙa layi kowa yana leƙa nasa, ana dariya. Ran nan, a gaban mata, ta ɗaga mai ƙayar ta ce ga Riziki.

Bi Riziki ta tashi ta nufi gonar ciyawar. Ta kwance turakunta na ɗaure igiya ta koma can ƙarshen gona. Bi Mboja ta shiga ɗaurin ciyawa ita kaɗai, ta rame, bakin ya mutu. Mun ji daɗin shirun, amma wallahi ta ba mu tausayi. Ta aika wa Bi Riziki mandazi, fanken garinmu, aka dawo da shi. Ta aika cewa za ta nemo mata wata ƙwayar mai kyau, Bi Riziki ta ce ba ta so, gilashin kawai za a ara mata. Aka kai mata shi.

Da ruwa ya janye, Bi Riziki ta zauna tana tankaɗe yashi a tafin hannu har rana ta karkata. Sannan ta miƙo ƙwaya ɗaya.

"Ke, zo ki gaida 'yar'uwarki."

Bi Mboja ta leƙa. Wani ɗan ƙololo ne da ya fashe, ba abin da ya rage sai ƙaton rami.

"Riziki, ai wannan baki ne kawai."

"To me kike nema kuma?"

Bi Mboja ta daɗe tana kallo, idonta ya kawo ruwa. Ta ƙulle ƙwayar a bakin zanenta, ta tashi ta je ta kwaso turakun Bi Riziki da kanta, ta mayar da su kusa da nata.