Sanjar da Takardar Zaɓin Darasi

A unguwarsu a Andijon kowa ya san ba a aiken Sanjar sayen kankana. Sai ya ƙwanƙwasa wannan, ya ɗaga waccan, ya dawo kan ta farko, har mai kankana ya ce, "Ɗan'uwa, ko in kawo maka kujera ne?"

Karatun injiniya ma mahaifinsa ne ya zaɓa masa. Shekara biyu yana zaune lafiya, don duk darussan dole ne. A ta uku aka miƙa musu takarda, kowa ya zaɓi darasi ɗaya cikin biyar kafin Juma'a.

Babu wanda Sanjar bai tambaya ba. Yayansa Bahodir ya ce ya ɗauki na walda, ko ba komai ya gyara musu ƙofar gida. 'Yan ajinsu suka ce na injin sanyaya ɗaki, malamin ba ya kayar da kowa. Har mai gasa samsa, irin samosarsu, a bakin makaranta ya nemi shawararsa. Mutumin ya ce, "Ni dai faɗa mini, mai nama ko mai kabewa? Mutane na jira a bayanka."

Ranar Juma'a ya isa ofis da takardar da ta sha gogewa har ta huje. Sakatariya Muhabbat-opa ta dube shi ta saman tabarau.

"Huɗu sun cika tun Laraba. Saura na zayyana kayan amfanin yau da kullum."

"Opa, ko in ɗan yi tunani?"

"Tunanin me? Guda ɗaya ne." Ta buga hatimi.

Ya fito yana jin kamar an sauke masa buhu daga ka.

Malamin darasin, Domla Ergashev, ya haɗa su biyu-biyu, ya ce su ƙera akwatin ɗaukar burodi a bayan keke. Kuma zane goma yake so kafin a taɓa guduma. Ɗalibai suka yi ta gunaguni. Sanjar ya kawo talatin da bakwai. Ranar ce aka fara yaba masa a kan halin da ake yi masa faɗa a kai tun yana ƙarami.

"Madalla," in ji Domla. "To, wanne za ku ƙera?"

Sanjar ya ce, "Domla, ai kowanne da amfaninsa."

Abokiyar aikinsa Feruza, 'yar mai gasa burodi, ta zaro na sha tara. "Wannan. A sauran, tururi zai jiƙa burodin."

"Amma na takwas fa?"

"Na takwas sai mai keke ya sauka kafin ya buɗe. Ka taɓa kai burodi kasuwa?"

Bai taɓa ba.

Suka ƙera shi da katako da ragar waya. Mahaifin Feruza ya gwada da burodi arba'in, ya ji daɗinsa, ya ƙi mayarwa. Sai da suka roƙe shi aro ranar jarrabawa, ya ce su dawo da shi kafin azahar.

Yau Sanjar yana zane a wata masana'antar murhun gas a Tashkent, Feruza ce shugabar sashensu. Shi ya zana, ita ta nuna da yatsa. Mahaifiyarsa ta so ƙwarai ya nemi auren Feruza, shi ma ya so. Yana cikin nazari ta auri wani likitan haƙori. Shi ya zana musu katin gayyata, iri goma sha ɗaya.