Haƙoran Baba a Hannun Kwastan

Shekara uku Baba yana magana da hannu a baki. Haƙoransa na gaba sun zube, amma a gidanmu na Samaru ba wanda ya isa ya ce sun zube. Tsohon hedimasta ne, mutumin da in ya yi gyaran murya a coci kowa ke gyara zama, sai ga shi ya daina karanta Littafi a gaban jama'a, wai idonsa ne ke damunsa. Ido fa!

Da ya ziyarci yayata a ƙasar waje, likita ya auna bakinsa, aka ce za a aiko masa da na roba. Bayan wata biyu sai ga takarda daga gidan waya na Sabon Gari: kwastan sun riƙe ƙunshin, sai an zo an yi bayani. Baba ya ja ni gefe, ya ba ni wasiƙar likitan, ya ce in je ni kaɗai, kada kowa ya ji. Wasiƙar nan ta isa a sako kayan. Amma ni na gaji da ɓoye-ɓoyen nan. Ko ofishin ban shiga ba, na dawo na ce masa sun ce sai mai kaya da kansa.

Washegari muka tafi tare. Jami'ar kwastan, wata mata mai fara'a, ta buɗe ɗan akwatin a kan tebur, ga 'yan kasuwa sun yi layi a bayanmu. Haƙora suka yi mana murmushi daga cikin auduga.

Ta ce, "Baba, na sayarwa ne ko na amfaninku?"

Ya amsa ta bayan hannu, "Na wani abokina ne."

"To, sai abokin ya zo da katin shaidarsa."

Na ga gumi ya karyo masa. Nan tausayi da kunya suka rufe ni, na kai hannu jaka zan fito da wasiƙar. Kafin in zuge zif Baba ya sauke hannu, ya wangale baki a gaban kowa, ya ɗauki haƙoran ya saka. Suka zauna daram. Wata 'yar kasuwa ta tafa, ta ce ai Baba ya koma saurayi. Jami'ar ta buga hatimi tana danne dariya.

A cikin Keke Napep ya dubi jakata, ya dube ni, na san ya gano ni. Muna isa Kwangila ya ce a tsaya, ya sayi gasasshiyar masara guda ɗaya tak. Tun daga nan har Samaru yake gaigayarta a hankali yana lumshe ido, ko ƙwara bai sam mini ba.