Yadda Na Cinye Digirina a Tungar Dogo

Talata, Kontagora

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, muka fita daga gida, ni da Kawu Danjuma, ƙanen mahaifiyata, wanda ke fataucin hatsi. Na rataya jaka cike da ambulan, da littafi, da biro har uku don kada ɗaya ya ci amanata. Tun daga zaure nake surutu, har Kawu ya ce in bar wa hanya sauran.

Dole in yi zumuɗi. A farkon shekarun casa'in ne, ina shekara ta biyu a karatun digiri na uku. Aikina a kan ƙwayoyin gado yake, wato ɗan rubutun nan da ke cikin kowace halitta, mai gaya mata launin da za ta yi da tsayin da za ta kai. Abin da ya hana ni sakat shi ne, wani lokaci rubutun yana nan lafiya lau, ba harafin da ya goge, amma shuka ta ƙi karanta shi, 'ya'yanta kuma su gaji wannan shirun. Ana haka Kawu ya zo da labarin wani manomi a bayan Mashegu mai jar masara, wadda in ta yi maƙwabtaka da fara sai launinta ya riƙa dushewa shekara bayan shekara. Wai kuma dattijon yana ɗaure irin kowace shekara daban. Malamina ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo irin a shuka a daminar bana. In ban kawo ba, za a canza mini aiki, shekara biyun da na yi su tafi a banza.

A tasha ba mu sami fijo ba saboda wahalar mai, sai wata a-kori-kura da ta ɗauko buhunan gishiri. Shida da kwata muka tashi, ni a gaba, Kawu a kan gishiri. Ba mu yi nisa ba muka tarar da shingen sojoji. Wani dogo ya zuge jakata, ya ga ambulan fiye da hamsin babu komai a ciki.

"Wasiƙu za ki rubuta wa mutanen daji?"

"Masara zan zuba, ranka ya daɗe."

Ya leƙa baya wurin Kawu. "Baba, 'yar nan taka lafiya take kuwa?"

"Karatu ne ya yi mata yawa," in ji Kawu. Sojan ya yi mini fatan samun sauƙi, ya ɗaga sanda muka wuce.

Mashegu

Tara da minti arba'in muka sauka, bayan mun tsaya sau biyu ana ba motar ruwa. Kawu ya sayi soyayyar doya da yaji, ni kuwa na kasa ci, cikina ya cika da murna. Muka ɗauki kabu-kabu biyu. An yi ruwa kwanaki kaɗan da suka wuce, hanyar ta zama taɓo zalla. Mai babur ɗina ya ce in riƙe ƙarfen baya da kyau, in kuma na ga za mu faɗi in faɗi ta hagu, can ciyawa ta fi laushi. Sau ɗaya muka faɗi, ta dama. Na tashi da laka har kunne ina ta ƙyalƙyala dariya, shi kuma yana mini faɗan ban bi umarni ba.

Tungar Dogo

Sha biyu da rabi muka isa. Baba Magaji, mai masarar, dattijo ne Bakambare, siriri, mai Hausa a hankali kamar yana auna kowace kalma. Muka gaisa, na ɗauko littafi, sai ya ɗaga hannu.

"Malama, baƙo ba ya magana da yunwa a gidan nan."

Matarsa Inna Ladi ta dire akushi. Da na buɗe sai na ga tuwo mai wani launi ja-ja, da miyar kuka da kaza. Tun asuba ban sa komai a baki ba. Na cinye malmala ɗaya, na ja ta biyu, ina ci ina santi, ina ce wa Inna Ladi ko a birni ban taɓa cin irinsa ba. Kawu ma bai ɗago kai ba. Da na wanke hannu na gyara zama na ce, "To Baba, a nuna mini irin nan da kake ɗaurewa."

Ya nuna akushin da leɓe. "Ai ga shi nan kin gama da shi."

Na zaci wasa yake. Ashe saƙon da Kawu ya aiko cewa ya yi wata babbar baƙuwa na tafe, kuma tana mutuwar son jar masarar nan. Baba ya riga ya yi shuka ranar Juma'a bayan ruwan fari, ya haɗa irin duka a ƙwarya ɗaya. Ragowar da ke rataye kuwa, tunda rumbu ya yi ƙasa kuma baƙuwa ita take so, Inna Ladi ta kwance ɗaurin kaf, ta surfa, ta daka mini tuwo.

Na dubi akushi, na dubi Kawu, shi kuma ya tsura wa hannunsa ido. Dariya ce ta fara zuwa mini, har na riƙe ciki. Ban san lokacin da ta juye kuka ba, kuka sosai, da majina, a tsakar gidan mutanen da na sani awa ɗaya kacal. Inna Ladi ta rikice, ta ce ko yaji ne ya yi yawa. Da Kawu ya yi musu bayani, sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Yi shiru, 'yar nan. Talatu tana da shi." Talatu 'yarsu ce da ke aure a wata tunga. A ɗakin Inna Ladi na kwana, a kan sabuwar tabarma.

Laraba, gidan Talatu

Shida da rabi muka kama hanya a ƙafa, Baba Magaji a gaba, don babur ba ya haye rafin da ke tsakani. Awa biyu muka yi. Zumuɗina ya dawo sabo, ina ta yi wa Baba bayanin rubutun da ake hana karantawa. Ya saurara har na gaji, sannan ya ce shi dai abin da ya sani, masararsa kunya gare ta, in ta ga baƙi sai ta ɓoye kamanninta. Na rubuta wannan a littafi, don har yau ban ji wanda ya faɗe shi a taƙaice haka ba.

Talatu ta kai mu madafa. A saman murhu, inda hayaƙi ke korar ƙwari, ga ɗauri huɗu a jere, ɗaya na kowace shekarar aurenta, ba ta kai ga shuka ba tukuna. Na farko ja wur, na biyu ya ɗan sassauta, na uku dabbare-dabbare, na huɗu saura kaɗan ya zama fari. Abin da na yi shekara biyu ina zanawa a takarda ne rataye a gabana, yana warin hayaƙi. Na miƙa hannu, sai Talatu ta sha gabana.

"Yaya, ki yi haƙuri. Irin gidanmu ba a sayarwa, ba a kyauta da shi. 'Yar gida kaɗai ke fita da shi, ranar da za ta tafi ɗakinta." Ta juya wurin mahaifinta. "Baba, kai ka faɗa mini haka, ka ce haka kakarmu ta bar muku."

Kawu ya fara lallashi irin na 'yan kasuwa, Baba ya tsayar da shi. Ya ɗaga kai ya bi ɗaurin nan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Gaskiyar Talatu ce, ba a ba baƙo. Amma wannan ta ci tuwonsa malmala biyu a akushin gidana, ta yi kuka a tsakar gidana, ta kwana ɗakin uwarki. Wane baƙo ne yake haka? Rabi, durƙusa."

Karo na farko ke nan da ya kira sunana. Na durƙusa na shimfiɗa mayafina yadda Talatu ta nuna mini. Ya ɓare ƙwayoyi daga kowane ɗauri da hannun dama, ya zuba a kusurwa huɗu, Talatu tana ƙullewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Allah ya sa ya karɓi ƙasar da zan kai shi. Muka shafa.

Komawa gida

Daga rafi muka sami babura, a Mashegu kuma motar doya, na zauna a gaba rungume da mayafi kamar mai jego. Shida saura minti goma, kafin kiran magariba, muka shiga Kontagora. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Kawu duk da saƙonsa, da Inna Ladi da tuwonta, da Talatu da ta tsaya a kan gaskiyarta.

Irin ya tsiro, ba duka ba, amma ya isa. A kansa na gama digirin, kuma tambayar da ya buɗe mini ita na bi duk tsawon aikina, a gida da waje. Bayan shekara goma sha ɗaya, ina ɗakin bincike da safe, aka kawo mini saƙo daga Tungar Dogo cewa Baba ya rasu, an aika wa 'ya'yansa duka. Na je. Da na doshi rumfar masu gaisuwa, Talatu ta kamo hannuna ta ce ba nan ne wurina ba, ta shigar da ni ɗakin da ake karɓar gaisuwar.