Igiyar Jigon Baya

Tun da Sayuri ta buɗe rumfar ƙanƙararta a tashar jiragen ruwa ta Tomonoura, idonta na kan wani baƙon tsoho, siriri, gishiri ya cinye launin hularsa. Jirginsa mai jigo biyu ne, da ƙananan filafilan kama iska har huɗu, igiyoyi kuwa rututu. Yana tsiyaya giyar shinkafa a goshin jirgin, kamar yadda ake yi kafin fita.

"Baba, kai kaɗai? Yau iska ta gaba take bugowa, irin jirginka kuwa ba ya son tunkararta," in ji ta.

"'Yar nan, ƙananan filafilai ai don tsofaffi aka yi su. Da hannu ɗaya nake ɗaga kowanne."

"Igiyoyin fa? Hannu nawa gare ka?"

Dariya kawai ya yi, ya kwance jirgin. Yana jan igiyar jigon gaba, bai ko waiga ba ya ce, "Chiyo, saki ta baya."

Babu kowa a baya, sai wata tsohuwar safar hannun mace rataye a jigo. Nan Sayuri ta gane da mai safar nan yake magana. Kafin ta buɗe baki, jirgin ya bar gaɓa, igiyar jigon baya tana nan a ɗaure, babu mai sakin ta.