Tatsuniyar da Kaka Ladi Ta Ƙi Rufewa

A Kurayyat, wata unguwa a Jidda, na girma, a wani gida mai zafin da ko ƙadangare ya shigo sai ya roƙi ruwa. Da an idar da isha'i sai mu hau saman soro, inda Kaka Ladi, mahaifiyar babana, take suyar gyaɗar da za ta kai bakin masallaci washegari. Wutar gawayinta ce fitilarmu. Tana juya gyaɗa cikin yashi tana ba mu tatsuniya, mu kuma muna sata muna ƙona yatsu. Ni kaɗai na ci abin da zai nutsar da jirgin ruwa.

Buɗewarta daban ce. Takan ce, "Ga ta nan, ga ta nan, da ƙafa ta zo daga Kano." Mu ce, "Ta zauna ta huta mu ji ta." In ta gama sai ta tafa hannu ta ce, "Ƙurunƙus kan kifin Bahar Maliya." Ba ta wasa da wannan rufewar. A cewarta, tatsuniyar da aka bari a buɗe bin yaro take har shimfiɗarsa.

Amma akwai guda ɗaya da ba ta taɓa rufewa ba, ta Tanko mai gudu.

Tanko saurayi ne da ya fi kowa gudu a garinsu, sai dai ƙafafunsa ba su san tsayawa ba. Kullum uwarsa takan tsaya a gindin tsamiya, in ya zagayo ta ce, "Tanko, ya isa." Muryarta kaɗai ke tsayar da shi. Wata rana jakadan Sarkin Iska ya zo ya ce masa, "Har yaushe za ka yi ta tsere da awaki? Ƙetaro kogi ka gwada da manya." Kwalekwalen da ke kaiwa can kuwa ba ya dawowa da kowa. Tanko ya shiga. Da farko shi ne na ƙarshe, daga baya ya koya, har ya wuce guguwa. To amma can ba wanda ya san sunansa, balle ya ce masa ya isa.

"Har yanzu gudu yake," in ji Kaka. "In kun ji abu ya wuce ta bayan gida, fuu, shi ne."

Daga nan sai ta ƙura wa wuta ido, har gyaɗa ta fara ƙauri.

"Kaka, ba ki rufe ba," nakan ce.

"Yana waje zan rufe, ɗan nema? Tashi ka kwanta."

Nakan kwanta in ja zane har ka, duk motar da ta wuce in ce Tanko ne. Sai da na girma na ji labarin Baffa Idi, ɗan autanta, direban da ake cewa ba kamarsa a Jidda. Wani kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo a kan takardun zama, ya ɗauke shi zuwa manyan hanyoyin arewa, kuma daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Bara ɗana Faisal, makanike a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu ta Jidda, ya ishe ni da zancen wani yaro Ba'amurke mai tseren mota. Wai yana ta cinye kowa a ƙasarsu, ana gardama ko ya koma babban tseren duniya, irin wanda ake kawowa bakin tekunmu. Faisal ya ce kujerun direbobi a can kaɗan ne, kuma wanda ya yi sanyi ba a jiransa, sauke shi ake.

Na ce, "Wannan da ke zagaye fili kamar ɗan akuya a turke? Ya tafi mana, ko ya koyi juya mota dama."

Bai yi dariya ba. Kwana da kwanaki yana dawo da zancen, a kan shayi, a kan tuwo, har uwarsa ta ce ko Ba'amurken nan surukinmu ne. Ashe wani kamfanin tsere na ƙetare ne ya ga hannun Faisal a inji, ya ce ya zo. In ya tafi kuwa, iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta mutu. A Jidda aka yanke masa cibiya, amma sai dai ya dawo mata da bizar umara, kamar baƙo.

Na kai shi saman soro bayan magariba, na ba shi labarin Tanko daga farko har inda ya tsaya.

"Abuya," in ji shi, don haka yaran nan ke kiran uba, "yani ya tafi ko kar ya tafi?"

"Ba'amurken? Ya tafi. In an sauke shi yana da gida, uwarsa na gindin tsamiya."

"Ni fa?"

"Kai ma hannunka ya fi ƙarfin garejin nan, wallahi. Yalla, tafi. Amma ranar da na buga waya na ce ya isa, halas, ka tsaya."

Ya dube ni ya ce, cikin Hausarsa mai karyewa, "In na tsaya, Abuya, ina zan dawo?"

Ni da ko a gidan makoki sai an harare ni saboda ba'a, ranar sai kawai na dafa kafaɗarsa muka sauko.

Ya tafi. Yana kira, ya yi ƙiba, yana cewa komai lafiya. Da ina tsammanin Kaka gargaɗi take mana kada mu bi jakadan Iska. Yanzu na gane ba ta taɓa cewa Tanko ya yi kuskure ba. Zama kawai take a bakin wuta tana jira.

Duk lokacin da aka kawo tseren bakin teku, ina jin kukan motocin daga saman soronmu. Matata ta ce ƙarya nake kamar kullum, ina Kurayyat ina bakin tekun arewa. Wataƙila. 'Ya'yan ƙanwata dai suna hawowa in ba su tatsuniya, kuma kowace nakan tafa mata hannu in rufe, ban da ta Tanko. Jiya ƙaramarsu ta ja mini riga ta ce, "Kawu, ba ka rufe ba."

Na ce ta tashi ta kwanta.